Kantin Ƙarƙashin Matakala

Shigo, rufe lemar, kada ka jiƙa mini kaya.
Valparaiso ce, ruwan Yuli ba ya sallama.
Can ƙasa jiragen ruwa na nishi a tasha,
nan tudu ni da kyanwata muna gadin gawawwaki
ɗari huɗu, duk na takarda.

Me kake nema? Labarin da gaskiya ke yin halinta?
Ka yi ɓatan kai, gangara kanti na gaba.
A nan gaskiya a makare take zuwa,
takalminta jiƙe, numfashinta warin taba,
ta tarar har an share wurin zaman makoki.

Riƙe wannan. Bangonsa ya yage,
sunansa ya tafi tare da bangon, ban bi sawu ba.
Wani mai bincike ne, kuɗin haya wata uku a wuyansa,
ofishinsa kujera biyu da fankar da ba ta juyawa.
Mace ta shigo, ta ce mijinta ya ɓata.
Ƙarya take. Ya sani. Ya karɓi kuɗin.
Nibaldo, mai tuƙa ƙugiyar lodi a tasha,
sau uku ya karance shi a aikin dare.
Ga yatsansa na baƙin mai a shafi na casa'in,
daidai inda aka karya wa mutumin haƙarƙari
ya tashi yana neman hularsa.

Wancan siririn, Ximena ce ta yi masa shaida,
nas ce a asibitin kan tudu, ta san launin jini.
Ta ce babu harsashi ko ɗaya a ciki,
amma sai da ta tashi ta sake duba sakata.
Akawun inshora ne da matar wani,
suka zauna suka yi lissafi, komai ya fita daidai,
sai barci kaɗai ya ƙi shiga lissafin.
Sun gina ramin, sun manta su gina shi gajere.

Don Baldomero, tsohon ɗan sanda, ba ya son su.
Kowace Laraba yakan zo ya ja musu tsaki,
wai ba a taɓa kama ɓarawo da iya magana ba.
Amma akwai wani mai kauri, mai tabon gahawa,
kan sufeton da ya bi sawu har ƙarshe
ya iske sawun ya tsaya
a ƙofar mai sa hannu kan albashinsa.
Shekara shida ke nan da ya are shi.
Bai dawo da shi ba, ban tambaya ba.
In ka ci karo da shi a wani kanti, kada ka taya, biya.

Nawa kuwa, na ƙarƙashin akwatin kuɗi,
ba na sayarwa ba ne.
Wata mawaƙiyar kulob aka tsinta a bakin ruwa,
takalmi ɗaya a ƙafa, mabuɗin otal a tafin hannu.
Shafi bakwai na ƙarshe babu su.
Aurelio ne ya hura murhu da su wani hunturu,
kafin ya hau jirgi ya ce mini wata biyu.
Shekara talatin ina zargin kowa bi da bi:
mai fiyano, alƙali, ƙanwarta mai yawan kuka.
Bara na fara zargin mai ba da labarin.

Kana mamakin tsohuwa da son duhu?
Ai ba duhun nake so ba.
Mutum ɗaya nake bi, wanda aka yi wa tayi ya ƙi,
ya koma gida a ƙasa, aljihu wayam,
ya dafa ƙwai biyu, ya ci a tsaye.

To, ɗauki na farkon, kawo abin da ya sawwaƙa.
Kada ka lanƙwasa mini kusurwar shafi.
Na ƙarƙashin akwatin, aro zan ba ka, kwana bakwai,
ka dawo ran Laraba, bayan tsohon ya gama tsakinsa,
ka gaya mini wa kake zargi.